Danjar Yaya Iro

Duk wanda ya san yayana Malam Iro na Hayin Banki ya san ba ya shiga ɗaki sai an ba shi hannu, ko da ɗakinsa ne. Zai tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce, "Hanya a buɗe take?" In ba a amsa ba, nan zai kafe har tuwo ya huce. Rayuwarsa kaf a reluwe ya yi ta yana ba jirage hannu, kuma fansho bai cire masa halin ba. Maganarsa kullum ita ce, "Ko jaki ya iya tafiya, Ladi. Tsayawa ce gwaninta."

Ni da na dawo gidansa da zama, ni na ga farkon abin. Wata rana ya shigo da kwali daga 'yan gwanjo, ya zazzage a falo: ɗan jirgin ƙasa na wasan yara, mai aiki da lantarki. Ya shimfiɗa dogo ya bi ƙarƙashin kujeru, ya zagayo ta gaban tabarmar matarsa Hajiya Asabe, ya ce nan ne tasha. Burinsa ɗaya, jirgi ya zo gabanta, danja ta kama ja, ya tsaya da kansa ba wanda ya taɓa shi.

Sabon kaya kuwa Yaya ba ya saye. Wayar tsohuwar fanka, gwangwanin madara, ƙwan tocila, duk sun shiga aikin reluwe. Ran nan na kunna rediyona, shiru.

"Yaya, rediyona ta daina magana."

"Maganaɗisun cikinta na ara. Ai ke kaɗai kin ishe mu labarai."

Jirgi dai ya ƙi jin magana. Ya zo ya wuce Hajiya fuu, kamar ɗan acaɓa ya hango 'yan sanda. Rannan ya kauce ya faɗa cikin tiren shinkafar da take tsinta. Hajiya ta tsamo shi da yatsu biyu ta ce, "Malam, azumi ya matso, a falon nan baƙi ke buɗa-baki. In an ga wata abin nan bai koyi ladabi ba, tsintsiya ce za ta ba shi hannu."

Na tausaya masa, na ce, "Yaya, in ya zo gabanta ka zare soket mana, wa zai sani?"

Ya dube ni kamar na zagi kakanmu. "Mai zare soket yana gyangyaɗi. Ranar da ya yi gyangyaɗi fa?"

Ana saura kwanaki kaɗan a ga wata, da la'asar, jirgi ya taho, ya taho, ya tsaya cak a gaban Hajiya. Na rangaɗa guɗa. Hajiya ma ta ce, "To madalla, ya tsira." Yaya kuwa sai ya ɗaga kai ya kalli fanka tana rage gudu. Ashe wuta aka ɗauke.

Na raɗa masa, "Yi shiru ka karɓi sa'arka."

Ya ce da ƙarfi, "Ba ni na tsayar da shi ba. Hajiya, wa'adinki yana nan."

Hajiya ta ce, "Ka ji mutum. An yafe masa, yana ɗaukaka ƙara."

Washegari na same shi da ɗan zarto yana yanka dogon da kansa. Ni kuwa da son sanin ƙwaƙwaf na durƙusa kusa da shi. Ya nuna mini: ya raba wani ɗan guntun dogo a gaban tasha, wutarsa daban. Maganaɗisun rediyona yana manne a cikin jirgin. In ya bi ta kan wani ɗan ƙarfe da ya ɓoye, sai ƙarfen ya motsa, ya yanke wutar guntun, ya kunna jar fitila. Na ce, "Au, yunwa kake sa masa ya tsaya?" Ya ce, "Yau kin yi ilimi."

Ya ɗora goro a taragon baya, ya saki jirgi. Ja ta kama, jirgi ya tsaya daidai gwiwar Hajiya, fanka kuma tana juyi abinta. Hajiya ta ɗauki goron ta ce, "Da hannu ka miƙo mini da tuni na cinye." Amma azumin nan baƙi tsallake dogo suka riƙa yi, kuma ita ce mai ce musu su kula da ƙafa.

Kuskurensa ɗaya, maɓallin da ke mayar da danja kore a gefen tabarmarta ya sa shi. Duk ranar da ya ɓata mata rai, sai ta karɓi goro ta ƙi dannawa. Yaya ya zauna yana kallon jar fitila tun hantsi har azahar.

"Yaya, miƙa hannu ka danna mana."

"Ba ni ne mai tashar ba."

Da Yaya ya rasu, bayan addu'ar arba'in ɗinsa muka zo kwashe falo. Hajiya ta ce in kunna sau ɗaya tukuna. Jirgi ya bi ƙarƙashin kujeru, ya zo gabanta ya tsaya, taragon baya ba komai. Ta daɗe tana kallon jar fitilar. Sannan ta sa yatsa ta danna, ta ce, "Wuce, Malam. Hanya a buɗe take, ba na riƙe da kai da komai."

Dogon yana nan har yau, ba ta bari an taɓa ba. Allah Ya jiƙan Yaya Iro, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce tashar da ya tsaya. Amin.