Sallama Ta Uku

Kakarmu, wadda muke ce wa Ta-Gabi don daga can aka auro ta, ba ta ba da tatsuniya kyauta. Bayan isha'i takan zauna gindin murhu tana gasa mana gyaɗa cikin toka, iskar tafkin Madarunfa na kaɗa zanenta. Sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." In muka amsa a kasalance, shi ke nan, ta kama goronta.

"Tatsuniya baƙuwa ce," in ji ta. "Sau ukku taka sallama. In ba a amsa ba, ta tahi gidan da ad da kunnuwa."

Haka muke buɗe baki har maƙwabta su ji: "Ta zo mu ji ta!"

Wadda na fi so ita ce ta yarinyar da uwarta ta aika ɗebo wuta a maƙwabta. Ta samo garwashi a tsingaro, tana tafe tana hurawa. Da ta zo bakin tafki sai ta ga wata a cikin ruwa, fari tas, ya fi garwashinta kyau nesa ba kusa ba. Ta ajiye tsingaron, ta tsuguna tana kallo, tana cewa yanzu zan tashi. Kafin ta waiwaya garwashi ya zama toka, gidansu aka kwana da yunwa.

"Wutar da ba ta ƙuna, ba ta dahwa tuwo," Ta-Gabi ta ce, ta dungure mini kai don ni ce sarkin shagala.

A lokacin dariya kawai na yi. Yau ina da 'ya, Nafisa, mai shekara goma sha biyar. Kawunta ya kawo mata portabul, wato wayar hannu, daga Ɗan Issa wai don karatu. Tun daga nan yarinyar da ke haddace darasi a zama ɗaya ta koma ba ta iya kai ƙarshen shafi. Malamin lakkwal, makarantarsu ta boko, ya ce jikinta ne kawai ke aji. In na yi magana sai in maimaita, in na aike ta sai ta dawo ta tambaye ni me na ce. Ba rashin kunya take yi ba, shi ya fi ci mini rai.

Ran nan da dare aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, muka zauna a tsakar gida. Na ga farin hasken nan na portabul kwance a fuskarta, sai na tuna tafki. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ta ci gaba da latse-latsenta. Na sake faɗa.

"Uhm? Mi kinka ce, Inna?" Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Na ce babu komai. Sallama biyu na yi. Ta ukun tana bakina har yau, tsoron faɗarta nake yi.