Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya same ni ina aikin buga takardu ne a wani shago kusa da Ƙofar Kaura, ina ji da kaina a matsayin wanda ya san kwamfuta ciki da waje. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma masu karatu sun san abin da hakan ke nufi a gidajenmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a kira ni, sai ta ce a kira wancan. In ta dafa abin da nake so, sai ta ba ƙanwata ta kawo mini, ita kuma ta juya baya tana gyaran murhu kamar ba ta san an yi ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita ina Abuja wajen wani kwas. Ƙanwata ce ke jinyarta, ta riƙa ɗaukar muryarta a waya saboda jikoki. Bayan an share makoki ta juye komai a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta miƙa mini, ta goge na wayarta saboda babu sauran wuri a cikinta. Ta shaida mini da murya ƙasa-ƙasa cewa a ɗauka ta ƙarshe Inna ta sa mini albarka, kuma ta kira sunana ƙarara.

Wallahi kasa saurara na yi. Kunyar da Inna ta yi mini shekara da shekaru ita ce ta dawo ta kama ni. Da la'asar in aiki ya lafa sai in riƙe filash ɗin a tafin hannuna, in lumshe ido, in gan ta zaune a inuwar darbejiyar tsakar gidanmu tana tsince shinkafa, ta ɗago kai, leɓenta ya fara motsi. Wani lokaci in ji ta ja sunan yadda mutanen ƙauyensu ke ja, wani lokaci in ji ta faɗe shi a gajarce kamar tana tsoron a kama ta. Daɗin wannan tunani ya sa kullum nake cewa sai gobe.

Tsoron kada wani a shago ya buɗe ya riga ni ji, shi ya sa na yanke shawarar kulle filash ɗin gaba ɗaya da lambar sirri. Kwamfutar tana cikin aikin kullewa aka ɗauke wuta, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na sa lambar, ta ƙi. Na sake, ta ce filash ɗin babu komai a ciki, wai in yarda ta wanke shi. Gwanin kwamfuta sai ga shi yana zufa har cikin hula.

Na kai wa wani mai gyara a bayan Babbar Kasuwa. Ya yi mini bayani cewa wurin da kullin ya riga ya taɓa ya tafi har abada, domin mabuɗinsa ya lalace tare da shi, amma inda bai kai ba ana iya tsintar wani abu. Ya ce in ba shi lokaci, kuma kada in sa rai da yawa. Na riƙa zarya ina gaishe shi kamar surukina.

Ranar da ya kira ni da hantsi, ina isa ya miƙo mini abin sawa a kunne ya fita waje, Allah ya saka masa. Ɗaukar ƙarshe tana nan, amma rabinta. Na ji kaji suna kuka, na ji ana daka a maƙwabta, na ji tarin Inna. Ta yi addu'a ga ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Sai ta yi 'yar dariya irin ta mai jin nauyi, ta ce a matso da wayar kusa da bakinta. Na ji numfashinta a cikin kunnena. Daga nan sai shuuu.

Ƙanwata ta ce za ta kwaikwaya mini yadda Inna ta faɗi sunan, na ce ta bari. Wannan numfashi shi nake saurara yanzu, kuma ban ƙara cewa sai gobe ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da kake da shi guda ɗaya tak, ka fara kwafe shi a wuri biyu kafin ka yi masa kulli, kuma kada ka amince wa wutar ƙasar nan da shi. Amma babban gargaɗina ga 'ya'yan fari irina ne. In an miƙo muku irin wannan amana, ku saurara a ranar, ko da kuka za ku yi a gaban mutane. Inna ta danne kunyarta a kan gadon mutuwa ta kira ni, ni kuma ban amsa ba.