Darasin da na ɗauko a kasuwar Kamba

Mun tashi daga Gaya ta bakin iyaka ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina malamin lissafi, mu biyu a kan kabu-kabu ɗaya. Ni Ingilishi nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma har yanzu ɗan kwantiragi ne. Ranar Litinin anspekta, mai duba aikin malamai, zai zauna a ajina, abin da ya rubuta shi zai sa a riƙe ni ko a sallame ni. Darasin kuwa kalmomi uku ne: thrifty, frugal, da stingy, wato marowaci. Ƙamus ɗina na Faransanci ya cakuɗa mini biyun farko wuri guda. Shi ya sa na nufi Kamba, cikin Najeriya, wurin wani tsohon malami mai ritaya.

Hanyar ba nisa, sai dai ramukanta sun girgiza mini kunun da na sha. A bakin iyaka mata sun baza bandar kifin Tounouga, ƙamshi har cikin kai. Abokina ya ce in sayi ko na jaka guda ta sefa, ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Na ce ilimi na zo nema, ba biko ba. Na ma ji daɗin kaina da wannan amsa.

Tsohon ya karɓe mu da fura mai sanyi. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuwana, ya saurari damuwata. Bai buɗe littafi ba, sandarsa ya ɗauka ya ce mu je kasuwa.

Ya tsaya gaban wata mai masa da ke tace ragowar mai cikin kwalba don gobe. Ya ce, "Ga thrifty. Ba ta yarda komai ya lalace."

Can gaba ya nuna wani babban dillalin shinkafa, takalminsa duk faci, yana cin dambu a ƙaramin kwano alhali ya aika wa baƙinsa tsire. "Wannan frugal ne, kansa yake taƙaita wa."

Ina ta rubutu kamar ɗan jarida. Na ce, "Baba, saura ta ukun."

Ya ce, "Ɗana, ita ba sai mun yi yawo ba. Tun safe ta ƙetaro iyaka, ta wuce masu kifi, ta shanye mini fura."

Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Da la'asar muka dawo Gaya.

Ranar Litinin na kawo wa ajin misalin mai masa da dillali da wani baƙo da ban faɗi sunansa ba. Yara suka gane nan take, anspekta ya yi ta gyaɗa kai. Da aka tashi ya tambaye ni littafin da na samo misalan, musamman na ukun. Na ce wancan na san shi ido da ido.

Washegari na aika wa Baba bandar jaka uku.