Batirin Kawu da Baƙin Hannuna

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina tuƙi, ba zan manta ranar da na wanke sunana a tashar Gaya ba.

Lokacin ina jan motar kawuna, wata tsohuwar a-kori-kura da muke ɗauko rake da ita daga Bengou. Batirinta ya tsufa tukuf. Kullum sai na ajiye ta a gangara, da safe a taru a tura, ta yi tari ta tashi. Shi kuwa Kawu, a wurinsa muddin fitila na kamawa to batir na da rai. In ya yi sanyi a kai shi caji, a ƙara masa ruwan sama, shi ke nan.

Sai dinamo, wato abin da ke cajin batir in mota na tafiya, ya fara ƙonewa. Aka sa wani, shi ma ya ƙone, aka sa na uku. Nan fa Kawu ya tsaya tsakiyar tasha ya ce, “Yaron ga baƙin hannu garai. Duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Kasuwar Bengou in ta wuce, ka ba ni makullina.”

Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Direban da aka liƙa wa baƙin hannu a Gaya, ko amalanke ba mai ba shi. Ni kuma na san inda matsalar take. Batirin ba ya riƙe wuta, don haka dinamon ba ya samun hutu, kamar mai zuba ruwa a randa mai huji, har ya yi zafi ya ƙone. To amma a gidanmu ba a duban ƙanin uwa a ce masa ba haka ba ne.

Sai na ari batir mai lafiya wurin wani abokina, na ɓoye shi a bayan kujera, na roƙi Kawu ya raka ni tafiyar ƙarshe. Da muka isa Bengou na ɗaga murfin inji, na sunkuyar da kai na ce, “Kawu, kai ka san mota tun ba a haife ni ba. Duba mini, wane ƙauri nake ji?”

Ya kai hanci, ya kai yatsa kan dinamon, ya fizge da sauri yana yarfewa. “Subhanallahi! Wanga ai ya gasa masara!”

Na ce ko mu gwada wani batir da aka ba ni ajiya. Ya harare ni, amma bai hana ba, na sauya batirin. Ina murɗa makulli mota ta tashi tar, masu lodin rake da suka riga suka tattare hannun riga don turi suka tsaya sororo. Muka dawo da kaya niƙi-niƙi. A ƙofar tasha shi da kansa ya ce in buɗe. Ya shinshina, babu ƙauri. Ya taɓa, da ɗumi dai, amma ba irin na ɗazu ba. 

Can ya juya wajen direbobi ya ɗaga murya: “Kun gani? Na gano ta! Tsohon batirin ga shi ka cin dinamo. Yaron ga hannunai lahiya lau.”

Wai shi ya gano! Dariya ta taso mini, na danne ta, na ce, “Allah ya ƙara basira, Kawu.” Na miƙa masa makulli kamar yadda ya umarta. Ya ture hannuna ya ce, “Mi zan yi da shi? Tahi ka sawo sabon batir.” Ranar, tafiyata ma sai da ta canza don jin kai.

Abin da na koya bai tsaya kan batir ba, ko da yake har yau in na ga mota ta fara neman turi nakan ce a sauya shi tun bai ja wa dinamo ba. Na koyi cewa mutum na iya ƙwato gaskiyarsa ba tare da ya kunyata babba ba. Na bar wa Kawu girmansa, kuma har ya bar duniya bai sake ba wani tuƙin motarsa ba.