Cokalin Kawu Sau Uku

Jiya jikata ta kunna mini wata tsohuwar waƙa a wayarta. Kafin kalangu ya shigo, sai na ji an ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin shayi sau uku. Na ce ta tsayar. Hannun Kawu ne, yayan mahaifiyata.

A shekarun sittin, shi ke ɗaukar muryar mawaƙan Hausa da rikoda mai zare a ɗakinsa na unguwar Misfala a Makka. Yakan toshe taga da barguna saboda hayaniyar alhazai, mu yi ta zufa, ɗakin na ƙamshin na'ana'a. In ya buga cokalin nan, alamar an fara ɗauka, ko tari ba ka isa ka yi ba.

Ranar da na rera waƙar, sau tara yana mayar da ni farko. "'Yata, ba daga maƙogwaro ba, daga ciki," in ji shi.

Wani ɗan kasuwa ya karɓi zaren, wai zai kai waje a buga faifai. Faifai ya dawo da sunan ɗan kasuwan shi kaɗai. Da Kawu ya yi magana, sai mutumin ya ce, "Ya Alhaji, ina iƙamarka?" Ya san ba shi da takardar zama. Sati bai cika ba aka kama Kawu, aka mayar da shi Kano. Can ya rasu, bai ƙara taɓa rikoda ba.

Ni ban yafe ba. Allah ya haskaka kabarin Kawu. Shi kuwa wancan, ranar hisabi Allah ya sa cokalin nan zai fara ji, sau uku, ko tari ya gagare shi.