Ƙafafun Baba Hodi a Filin Ƙwai

Duk ranar Asabar ta rani, da an sallame sallar asuba, Baba Hodi yakan tayar da tsohon babur ɗinsa daga Birnin Kebbi ya nufi hanyar Zauro. Can a gefen fadama akwai wani fili da samari ke tseren motoci, wanda suka laƙaba wa suna Filin Ƙwai saboda siffarsa: gajerun miƙe biyu, kwana biyu masu tsini, zagayen duka bai kai rabin kilomita ba. Yana isa sai ya jingine babur a gindin giginya, ya tuɓe takalma, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga taka filin. Sau uku yake zagayawa, ta ciki, ta tsakiya, ta baki, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ranar Lahadi ma haka, kafin a fara tsere. Shekara goma sha tara yana wannan.

Wanda bai san wurin ba zai ce tsoho ya rasa abin yi. To ba haka ba ne. Filin Ƙwai ƙasar fadama ce. Da rani samanta yakan bushe ya yi tauri, amma manoman da ke kewaye suna ban-ruwan shinkafa da albasa, ruwan kuma ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Yakan bi ta ƙarƙashi ya kwanta a kwana, alhali sama ƙeƙasasshe ne, ido ba ya ganin komai. Mota ta shigo a guje, tayar waje ta burma, sai dai a je a zaro direba. Da tafin ƙafa Baba Hodi ke gane wannan. Ya ce inda ruwa ya shiga akwai wani sanyi-sanyi, kuma ƙasar takan ɗan amsa in an danna dunduniya. In ya ji haka ba ya ɗaga tuta, in kuwa bai ɗaga tuta ba babu motar da za ta motsa.

Asalinsa mai walda ne. Yawancin tsofaffin Golf da Fijo da ke gudu a filin nan, waɗanda aka cire wa kujeru da gilasai, shi ya ɗinke musu bututun ƙarfe a ciki don kare direba. Ba wanda ya naɗa shi mai duba fili. Ya ga dai yaran mutane na wasa da ransu, ya tuɓe takalma.

Ni mai wannan rubutu ba na son tseren nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Abin da ke kai ni wurin shi ne ƙanena Munzali, wanda tun yana sakandare in ya ji ƙarar inji hankalinsa ke barin jikinsa. Don haka a gabana aka yi abin da zan faɗa.

Shekara shida da suka wuce, wata Lahadi, jama'a ta cika maƙil. 'Yan Argungu sun zo da motoci biyar, 'yan Gulma biyu, masu rake da masu tsire duk sun kafa. Baba Hodi ya gama zagayensa, ya dawo kwanar gabas ya sake dannawa, sannan ya nannaɗe tuta ya zauna dirshan a tsakiyar hanya. Aka yi ta masa ihu, wasu har da jifa da ledar ruwa. Kalilu, shugaban ƙungiyar direbobin, ya zo kansa yana huci.

"Baba, mi kaka nuhi? Mutane sun taho tun daga Argungu, kai ko ka zamna musu bisa hanya?"

"Ruwa na ƙasa, Kalilu."

"Ina ruwan? Ga wuri ƙeƙashe."

"Awo, ƙeƙashe ga ido. In kana son a yi, sai ka hwara bi ta kaina."

Don ya kunyata shi, Kalilu ya sa aka kawo a-kori-kurar da ta ɗauko tayoyi, ya ce a bi ta kwanar a hankali kowa ya gani. Ba ta yi taku goma ba tayar baya ta nutse har gindi, baƙar laka ta yi tsartuwa. Ashe wani manomi ne ya kwana biyu yana ba shinkafarsa ruwa a bayan shinge. Munzali ne zai tashi a sahun gaba ran nan, ta gefen waje. Na dube shi, na ga yana goge tafin hannu a wando.

Kai ne, Baba, wanda ya zauna a turɓaya ana zaginsa don ɗan wani ya koma gida da ƙafafunsa. Hodi mijin Ruƙayyatu, mai ji da tafin sawu. A shekara goma sha takwas na farko ba a ɗauki kowa daga filin nan a kwance ba, kuma don ba a ɗauka ba, ba wanda ya ga aikinka. Ana tafa wa wanda ya zo na ɗaya, ana ɗaukarsa hoto a kan mota, kai kuwa kana can gindin giginya kana kakkaɓe ƙafa.

Ya sha roƙon a ba shi mutum guda ya koya masa. Na ji da kunnena, ba sau ɗaya ba. Samarin sai su yi dariya su ce, "Baba, ai kana nan." Kowa sitiyari yake so. Ba mai son abokansa su gan shi da sassafe yana yawo ba takalmi kamar mai neman tsintuwa.

Bara, a tseren ƙarshe na rani, ya taka fili kamar kullum, ya ɗaga tuta. A zagaye na tara motar Mujtaba, wani matashi ɗan Argungu mai gyaran injin ban-ruwa, ta shiga kwanar gabas, tayar gaba ta burma, ta wuntsila sau biyu. Ƙarfen da Baba Hodi ya ɗinka ya hana rufin murƙushe shi, amma bayansa ya taɓu. Yau a keken guragu yake.

Baba Hodi bai gane yadda aka yi ba sai da magariba. Yana alwala, matarsa Ruƙayyatu ta ga jini a takalminsa. Ta ɗaga ƙafar, ta zaro ƙayar bagaruwa mai tsawon rabin yatsa daga dunduniyarsa. Tun safe take ciki bai ji ba. Ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi ya kashe masa tafin ƙafa a hankali, shi kuwa yana taka ƙasa yana jin shiru, yana ɗauka lafiya ce.

Da ya yi shiru da bakinsa, ba mai sani. Za a ce ƙaddara, a wuce wurin. Amma washegari ya tara 'yan ƙungiya, ya miƙa wa Kalilu tuta, ya ce, "Ƙahwata ta mutu ban sani ba. Ruwa na nan, ni na ban jiya ba. Kada ku ɗora ma kowa." Daga nan ya hau mota zuwa asibiti wurin Mujtaba. Waɗanda ke ɗakin sun ce tsohon ya kasa haɗa ido da shi, sai Mujtaba ne ya kamo hannunsa ya ce, "Baba, sau nawa kac ce mu zo mu koya? Ni ma ina cikin waɗanda sunka yi dariya."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba kowa ne Mujtaba ba. A majalisu yanzu akwai masu cewa tsoho ya cuci yaro, wai ya san ba ya iyawa ya ƙi sauka. Masu faɗin nan da yawansu da ƙafafunsu suka zo majalisar saboda shi. Baba Hodi kuwa ya rufe shagon walda, ya rame, ba ya doguwar magana. In aka gaishe shi ya amsa, sai ya mayar da ido ƙasa.

Baba, ba mu da lambar yabo da za mu rataya maka, ba mu da komai sai baki. Mun gode. Iyayen da ba su san sunanka ba ma, na gode maka a madadinsu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa wahalar nan ta zama kaffara, ya ba Mujtaba sauƙi.

Ku kuma samarin Birnin Kebbi da Argungu da Gulma, rani ya dawo, injinan ban-ruwa sun fara ƙara, ƙungiya ta ce za a ci gaba da tsere, wai za a riƙa duba fili da ido. Baba Hodi ya aika musu cewa duk Asabar zai zo ya zauna, duk mai ƙafa mai rai ya zo ya nuna masa. Mutum ɗaya kawai ake nema. Asabar uku yana zuwa, ba wanda ya je. Ta huɗun ni na je, da furfurata da tumbina, na taka kwanar gabas yana daga gefe yana tambayata abin da na ji. Na ce ƙasa nake ji, ko'ina iri ɗaya. Ya ce haka ne, shi ma sai da ya yi rani uku kafin ya fara rarrabewa.

Ba mu da rani uku. Lahadi mai zuwa za a buɗe fili, motoci goma sha huɗu sun ba da suna. Na roƙi Munzali ya janye, ya ce ba zai ba da kunya gaban 'yan Argungu ba. Lambarsa bakwai, kuma ta gefen waje zai tashi.