Tungayen da Ban Je Ba

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, ina koyarwa a wata lakwal nan Dakoro. Da hutu ya zo, wani furoje, wato shirin agaji, ya ɗauke ni aikin anket: in zagaya ƙauyuka in tambayi magidanta abin da ya rage musu a rumbu, don a san inda za a fara kai taimakon hatsi.

Shugabar aikin, wata mata daga Maraɗi, ta miƙo mini takardun tambayoyin da zan cika, da wata takarda mai sunayen garuruwa. Ta ce ƙuri'a aka yi aka fitar da su, na kusa da na nesa, kada in musanya ko ɗaya. Na ce to.

Kwana biyu ina bin takardar. A rana ta uku, wajen Bader Goula, mota ta kafe cikin rairayi, muka yi ta tono har la'asar. Mai tuƙa mu ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Mushe," haka ake kiran malamin lakwal, "hanyar tungayen can ciki ta fi wannan muni. Talaka ai duk ɗaya ne, na bakin hanya da na daji. Mu cika takardun a nan mana."

Ban yi masa gardama ba. Na gaji, kuma maganar ta yi mini daɗi.

Sai muka koma bin garuruwan bakin hanya. Maigari ya shimfiɗa tabarma, ya aika a kira mutane. Ban lura ba cewa masu zuwa su ne masu sauran abin sawa a baki, shi ya sa ma suke gari. Waɗanda rumbunsu ya ƙare sun riga sun tafi ci-rani, gidajensu sai mata, ni kuwa ban nemi jin ta bakinsu ba. Ragowar takardun a kasuwar Kornaka na cika su. Duk wanda ya ce daga wajen wata tunga ta cikin takardata yake, sai in rubuta shi a madadinta, alhali hatsi ya kawo sayarwa.

Da aka haɗa sakamako, aka ce yankina zai iya kaiwa damina. Aka fara da wasu wurare.

Da bazara na kai matata gidan likita. A kan benci na tarar da wata tsohuwa rungume da jikanyarta, yarinyar ta rame har ba ta iya kuka sosai. Na tambaye ta garinsu. Ta faɗi suna, na gane shi, yana cikin waɗanda na tsallake.

Na ce, "Inna, tun yaushe hatsinku ya ƙare?"

Ta ce, "Tun sanyi 'ya'yan anza, masu ɗacin nan na daji, muke jiƙawa muna ci, ɗana. An ce masu rubutu za su zo. Kwana uku muka ƙi fita daji muna jiransu. Wataƙila ba su gane hanya ba."

Ban iya gaya mata ni ne ba.

Washegari na je biro, ofishin furoje, na faɗa wa shugabar aikin komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in rubuta mata sunayen duk inda ban taka ba. Ta tura wasu, a kan amalanke suka shiga. Hatsi ya isa, amma bayan mutane sun sayar da awakinsu, wasu sun cinye irin shuka.

Ba ta sake kirana aiki ba. Na koma likita sau biyu ina neman tsohuwar, aka ce an sallame su. Har yau ban san yadda yarinyar ta ƙare ba.